Wa ya taɓa zuwa taron babura na Sturgis? Ina neman shawara

Dan_Fagge77:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shekarata uku ke nan a Minneapolis ina tuƙa motar rarraba kaya. Akwai wani dattijon Bature a wurin aikinmu, tun sanyi bai wuce ba yake cika min kunne da zancen Sturgis, wai taron babura ne da ake yi duk watan Agusta a jihar Dakota ta Kudu, kwana 10 cur. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa fashi ba, kuma in ina so zai ara min babur ɗinsa na biyu, Harley ne, mu tafi tare. Ni dai babur ba baƙona ba ne, shekara shida na yi ina achaba a Kano kafin a hana mu a 2013. Abin da nake son ji daga wanda ya taɓa zuwa: wurin ya kai mutum ya ƙona hutunsa na shekara a kansa? Kuma mutum irina, baƙar fata, mai salla, wanda ba ya shan komai sai shayi, zai sake a can?

Mai_Salansa:
Wa alaikumus salam. Na je sau biyu, 2015 da 2019. Amsa a taƙaice: je ka. Amma ka je don hanya, ba don cikin garin ba. Garin kansa ɗan mitsitsi ne, mutanensa wajen 7,000 ne, amma a 2015 da aka yi bikin karo na 75 an ƙiyasta sama da mutum 700,000 suka shigo. Ka auna da kanka. Babban titin garin ana hana motoci shiga, babura ne jere layi huɗu, biyu a gefe biyu a tsakiya, iya ganinka. Rana ɗaya ta ishe ka kallon wannan. Sauran kwanakin ka shiga tsaunukan Black Hills, can abin yake.

Bakanike_Zariya:
Tsaya tukuna Ɗan Fagge, kafin a kai ga zancen shayi. Wane babur ka yi achabar da shi?

Dan_Fagge77:
Jincheng na fara da shi, daga baya na sayi Boxer.

Bakanike_Zariya:
To ka ji inda gizo ke saƙar. Boxer ɗinka nauyinsa bai fi kilo 110 zuwa 120 ba, injinsa cc 100. In ya karkata ƙafa ɗaya za ka sa ka tare shi. Manyan Harley na tafiya mai nisa suna kusan kilo 400 kafin ka ɗora jaka, injin kuma ya haura cc 1,700. Wannan in ya ce zai kwanta, ka ba shi wuri kawai, in ka ce za ka tare shi da ƙafa sai dai a kai ka wurin mai ɗori. Kuma ba a gudu yake kayar da mutum ba, a tafiyar hawainiya ne: wajen juyawa, wajen fakin, ko ka damƙi birkin gaba alhali kan babur yana karkace. Cunkoson irin wannan taro kuwa duk tafiyar hawainiyar ce. Ba raina shekara shidanka nake ba, wanda ya ratsa Kantin Kwari da fasinja da dila biyu ya san babur. Amma doki daban, raƙumi daban.

Ummu_Hanifa:
Ni tambayata ɗaya ce, uwargida ta sani?

Dan_Fagge77:
Hajiya ki rufa min asiri, sai na gama tattara hujjoji tukuna.

Alhaji_Benly:
Yaro, ni dai ban ga abin zuwa ba. Mutum ya bar ƙasarsa don neman na kansa, ya kwashi kuɗin da zai biya wa yara makaranta a gida ya je kallon tsofaffin Turawa masu jarfa suna murɗa totur? Mu ma mun hau babur a zamaninmu, Honda Benly na saya sabo fil lokacin ina malamin makaranta, na je Gusau da shi na dawo ba sau ɗaya ba. Amma da dalili nake hawa. Wannan almubazzaranci ne, ga kuma abin da ake faɗa na shaye-shaye da tsiraici.

Mai_Salansa:
Baba Alhaji, maganarka ta ƙarshe ba zan musa ba, akwai su. Da daddare mashaya cike suke, manyan sansanonin kwana irin su Buffalo Chip kuwa kiɗa ake har tsakar dare, kuma akwai shigar da sai ka yi ta kau da kai. Amma ba wanda zai ja hannunka ya shigar da kai. Ni a Spearfish na kama ɗaki, kamar minti 20 ne daga Sturgis, ina sallar asuba in tayar da babur, kafin masu gajiyar daren jiya su farka na gama kwazazzabon Spearfish Canyon ni kaɗai, iska mai sanyi, rafi yana bin gefen kwalta. Giyar da na taɓa a kwana biyar ɗin nan ita ce wadda ake sawa da ƙafar hagu.

Kabukabu_Maradi:
Hahaha Mai Salansa ka iya magana. Ni nan Faransa nike, ban taɓa zuwa na Amurka ba, amma na tahi wanda aka yi Ostiriya bakin tabkin Faaker See, cikin watan Satumba. Shi ma dubban Harley ne ke cika wurin, sai dai ya hi natsuwa, har da iyali za ka gani. Amma in kuna son ganin hauka tuburan, akwai wani da ake yi Jamus cikin hunturu, ƙarshen Janairu, sunanshi Elefantentreffen, ma'ana taron giwaye. Cikin dusar ƙanƙara suke kahwa tanti, su shimhiɗa kara, su hura wuta, su kwana nan. Tun 1956 suke yi. Wani abokin aikina ya ce in zo mu tahi, na ce mishi ɗan Maraɗi da sanyin Disamba ma ke sa shi rawar ɗari ba ya da abin nema can.

Dr_Babur:
Giwar da ake nufi ba dabba ba ce fa, laƙabin wani tsohon babur ne na Jamus, Zündapp, mai ɗauke da kujera a gefe, da suke kira koriyar giwa. Masu irinsa ne suka fara haɗuwar.

Tunda kuma an shiga tarihi: Sturgis a 1938 aka fara, wani dillalin babura ne na garin, Clarence Hoel, da ƙungiyarsa Jackpine Gypsies suka shirya tsere, mahaya tara kacal. Abin dariyar shi ne babur ƙirar Indian yake sayarwa, ba Harley ba, amma yau Harley ce ta mamaye wurin.

Yaron_Malam:
Likita lissafin bai fita ba. In 1938 aka fara, yaya 2015 zai zama karo na 75? Ai 78 ya kamata.

Dr_Babur:
Ka yi daidai da ka lura. An tsallake wasu shekaru lokacin yaƙin duniya na biyu, man fetur ma rabonsa ake yi da kati a lokacin. Shi ya sa lambar ta ja baya.

Direban_I90:
Ɗan Fagge, ni tirela nake ja kuma hanyar nan ita ce gonata, bari in ba ka hoton tafiyar. Daga Minneapolis zuwa Sturgis kusan mil 600 ne, ka ce dab da kilomita 1,000, wato kamar ka tashi daga Kano ka nufi Legas. Bambancin kawai ba rami ba shinge. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Da zarar ka hau babbar hanyar I-90 ka miƙe yamma, fili ne fetal, ba bishiya ba tudu, iska tana bugunka daga gefe awa da awanni. Ni da ke cikin tirela ina jin ta, balle kai. Kuma duk lokacin da ɗayanmu ya wuce ka, iskar da yake turowa sai ta girgiza ka. Makon taron nan ina ganinsu a gidajen mai, sun sauka suna tafiya kamar waɗanda aka yi wa kaciya. Ka raba tafiyar kwana biyu. Bayan ka ƙetare kogin Missouri ka ɗan yi gaba agogo zai koma baya da awa ɗaya, ka lura saboda lokacin salla. In ka ga alluna sun fara damunka da tallan wani babban kanti mai suna Wall Drug ka tsaya, ruwan ƙanƙara kyauta suke bayarwa tun zamanin kakanni, kuma daga nan gandun duwatsun Badlands kusa ne.

Sadauki_Bauchi:
Ko kuma ya yi abin da masu hankali suke yi, ya ɗora babur a bayan a-kori-kura, ya sauke shi a Rapid City, birnin da ke kusa da Sturgis.

Mai_Salansa:
Kai Sadauki, kada ka jawo masa gori! Wannan tsohuwar rigima ce a can, har riguna ake sayarwa masu rubutun cewa ni hawa nawa na yi na zo, don a cusa wa masu jan babur a tirela haushi. Amma tsakani da Allah, in ka tsaya a gefen hanya ka ƙirga, masu jan ba kaɗan ba ne. Da yawa dattawa ne, bayansu ba zai ɗauki kwana uku a kan sirdi ba. Ga wanda bai saba da babban babur ba, shawarar Sadauki ba ta banza ba ce.

Bakanike_Zariya:
Ni ma na goyi bayan Sadauki. Gori ba ya karya ƙashi.

Hauwa_Injiniya:
Kowa na maganar hanya, ba wanda ya tambaye shi takarda. Ɗan Fagge, lasisinka na mota ba ya ba ka izinin hawa babur a Amurka, sai an ƙara maka hatimin babur a kai. Akwai kwas na kwana biyu zuwa uku da ake yi a fili da ƙananan babura, in ka ci sai ka kai takardar a ƙara maka. Ni na yi, kuma na shiga da girman kai don tun ina sakandare nake hawa roba-roba a Jos, sai ga shi malamar ta nuna min ban iya kallon inda zan juya ba, ƙasa nake kallo. Sannan ka tambayi dattijon nan ko inshorarsa ta rufe wanda ya ara wa. Asibitin ƙasar nan kwana ɗaya zai iya cinye abin da ka tara a shekara ukun.

Wani abu kuma, ɗabi'ar achaba ta kurɗawa tsakanin motoci ka bar ta a gida. A Dakota ta Kudu laifi ne, kuma makon taron 'yan sanda sun fi ƙuda yawa.

Dan_Fagge77:
Wallahi Injiniya kin taɓo inda ban yi tunani ba. Ni na ɗauka lasisin mota ya wadatar. Na gode ƙwarai. Kurɗe kuwa a jinina yake, sai dai addu'a.

Yaron_Malam:
Na ji an ce a can ba a sa hular kwano, gaskiya ne?

Hauwa_Injiniya:
Dokar jihar ta wajabta ta ne kawai ga wanda bai kai shekara 18 ba. Shi ya sa za ka ga da yawa sun ɗaura ƙyalle kawai. Kai dai ka sa taka. Kusan duk shekara sai an rasa rayuka a makon nan, kuma kwalta ba ta san dokar jiha ba.

Baffa_Atlanta:
Bari in taɓa ɓangaren da aka tsallake, zancen baƙar fata. Na je 2018 da abokai biyu. Gaskiya za ka ji kanka kamar ƙwayar wake a buhun shinkafa, yawancinsu farare ne masu furfura. Za ka ga rumfuna ana sayar da tutar 'yan Kudu ta zamanin yaƙin basasa, wadda baƙaƙen Amurka ke kallo a matsayin tutar bauta, da rigunan siyasa masu zafin rubutu. Wannan ya tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba. Amma fuska da fuska ba wanda ya gaya min maganar banza. Abin da ya faru ma akasin haka ne. Batirina ya mutu a wani gidan mai kusa da Deadwood, wani ƙato mai gemu har ƙirji, hannu duk zane, irin wanda in ka gan shi da dare za ka sauya hanya, shi ya durƙusa a kan tsakuwa ya kwance sirdina ya haɗa waya da nasa. Na miƙa masa kuɗi ya harare ni kamar na zage shi. Ba na cewa kowa haka zai samu. Abin da na gani ke nan.

Ƙa'ida biyu dai: kada ka hau ko ka jingina da babur ɗin wani, kuma in ka ga masu rigar fata da tambarin ƙungiya a baya, musamman mai ɗan rubutun 1%, alamar ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da doka, kada ka taɓa rigar, kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya.

Sadauki_Bauchi:
In abin da yake so ya ga 'yan uwa baƙaƙe a kan babur ne, ai akwai na Myrtle Beach a Karolina ta Kudu ƙarshen watan Mayu. Sai dai can bakin teku ne da samari masu gudu da babur, babu tsaunuka.

Alhaji_Benly:
To na ji. Salla fa? Abinci fa? Ko shi ma sai an kau da kai?

Mai_Salansa:
Baba, matafiyi ne ai, yana da ƙasaru. Ni ƙaramar darduma nake naɗewa a jakar gefe da gorar ruwa. Wuraren tsayawa a dajin nan ba iyaka, ka ɗan matsa cikin itatuwa ka yi abinka. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, manhajar waya za ta nuna maka amma ka duba tun kana da sabis, don cikin kwazazzabai yana ɗaukewa. Sau ɗaya a kan Iron Mountain Road na idar na juyo na tarar da wata tsohuwa da mijinta sun kashe injinsu suna jira in gama kafin su tayar, don kada su dame ni.

Abinci ne matsalar gaskiya. Naman alade yana cikin kusan komai, har wake. Ƙwai, kifi, dankali, burodi, su na rayu a kai.

Ummu_Hanifa:
Shi da ke Minneapolis me zai sa ya wahala? Shagunan Somaliyawa cike da naman halal. A yi masa dambun nama kwano guda, zai yi mako bai lalace ba. Kun ga dalilin da ya sa na ce a fara da uwargida.

Kabukabu_Maradi:
Ko a aiko mishi da kilishi daga gida.

Direban_I90:
Kul! Kilishi ba ya wuce kwastan na Amurka, nama daga ƙasashenmu haramun ne a wurinsu. Ƙanina ya taho min da ƙulli biyu, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zauna a gaban jakarsa a filin jirgi ya ƙi tashi. A gabansa aka jefa a kwandon shara. Har yau in ya tuna sai ya yi tsaki.

Dr_Babur:
Tunda Mai Salansa ya ambaci Iron Mountain Road, a gaya wa Ɗan Fagge mece ce. Mil 17 ce kawai amma lanƙwasa 314 ke cikinta, da gadojin katako da hanya ke murɗewa ta bi ta ƙarƙashin kanta, da ramukan dutse uku da aka saita su yadda in kana ciki za ka hango fuskokin shugabannin Amurka da aka sassaƙa a dutsen Mount Rushmore a gabanka. Needles Highway kuma akwai ramin da mota ɗaya ce ke iya wucewa da ƙyar. Ba wurin koyon Harley ba ne, na koma kan maganar Bakanike.

Kuma in ka tsaya gaban fuskokin shugabannin nan huɗu, ka san ƙasar wa kake takawa. Tsaunukan nan wuri ne mai tsarki ga ƙabilar Lakota. An yi yarjejeniya a 1868 cewa nasu ne, da aka ga zinariya aka ƙwace. A 1980 kotun ƙolin Amurka ta ce a biya su diyya, suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu suke so. Dutsen Bear Butte da ke dab da Sturgis har yanzu suna zuwa ibada, za ka ga ƙyallaye ɗaure a jikin itatuwa, ba a taɓawa. Sun sha kokawa kan hayaniyar mashaya da ke matsowa kusa da shi.

Alhaji_Benly:
Wannan kam ban sani ba. Ashe ko'ina da mai kukansa.

Baffa_Atlanta:
Kada a manta da ɓauna. A gandun dajin Custer State Park akwai garke sama da 1,000 suna yawo sakaka, kuma su ke da hanya. Namijin yana kai kilo 900, Agusta kuma lokacin barbararsu ne, ransu a ɓace yake. Mun tsaya cak kusan rabin awa suna ratsa tsakaninmu, ɗaya ya wuce har ina jin hucinsa a gwiwata, ga ƙudaje na bin idonsa. A mota sai ka ɗaga gilashi. A babur sai La'ilaha illallahu. A 2020 wata mata ta sauka ta matsa kusa da ɗan maraƙi don hoto, uwar ta ɗauke ta da ƙaho ta wujijjiga ta, da ƙyar ta sha.

Yaron_Malam:
Wato dai hawan salla ne na Turawa, babur a madadin doki.

Hauwa_Injiniya:
Ta wajen ado kam, e. Yadda ake yi wa doki kwalliya haka suke kashe dukiya a fenti da ƙarfe mai walƙiya, kowa na so a kalle shi. Amma babu sarki, babu jahi, babu tsari, kowa gabansa yake yi.

Alhaji_Benly:
Kada ku haɗa hawan daushe da wannan hayaniya don Allah.

Dan_Fagge77:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya yanzu. Na yi rajistar kwas ɗin da Injiniya ta faɗa, sati uku masu zuwa. Na yi wa dattijon maganar nauyi, ya yi dariya ya ce na biyun ƙarami ne, Harley ƙirar Sportster, wai na marigayiya matarsa ne, tun da ta rasu yake ajiye a gareji yana tayar da shi duk Lahadi. Ya ce ba ya son sayarwa kuma ba ya son ya ruɓe a tsaye. Da ya faɗi haka sai na ji nauyin cewa a'a. Maganar masauki ce ta rage, otal ɗin da na duba a Rapid City kuɗinsa ya ninka kusan sau uku a makon.

Mai_Salansa:
Haka abin yake, wasu tun shekara guda kafin lokaci suke kamawa. Mutanen garin da yawa ma gidajensu suke bayarwa haya su bar gari, wasu su ba ka filin ƙofar gida ka kafa tanti. Duba Belle Fourche ko Spearfish, ko ku je kwana uku kafin a buɗe, hanyoyin na nan, cunkoson bai taru ba. In tanti za ku yi ka sani ana ruwan ƙanƙara a yankin da yamma ba sallama, wata kamar ƙwan zabo. Ka ga gajimare ya yi baƙi ta yamma, nemi rumfar gidan mai.

Bakanike_Zariya:
Sportster da sauƙi, kilo 250 da 'yan kai. Amma tankinsa ƙarami ne, kada ka wuce gidan mai kana cewa sai na gaba. Kuma babur ɗin da ya daɗe a tsaye, ko da ana tayar da shi, a duba shekarun tayoyin. Akwai lamba huɗu a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In sun haura shekara shida a canza, ko da zanen bai cinye ba. Man birki ma a zubar a sa sabo.

Alhaji_Benly:
Ni dai har yanzu ban ga dalili ba. Amma tunda amanar marigayiya ce za ka hau, ka riƙe ta da kyau. Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo ka sa mana hoton ɓaunar, daga nesa.

Ummu_Hanifa:
Har yanzu ba a ba ni amsa ba fa. An gaya mata ko ba a gaya mata ba?

Dan_Fagge77:
An gaya mata jiya da daddare, Hajiya. Ta ce za ta yi dambun, amma sai ta ga takardar inshorar da idonta. Bakanike, na leƙa garejin yau, lambar tayar baya 2314 ce. Ta gaba ban iya karantawa ba, ta juya ciki.